Ranar da Kekena Ya Ci Babbar Riga

Tunda maƙwabcina Bello ya sayo keken hawan dutse, a garin da ba dutsen hawa, barci ya ƙaurace mini. A teburin mai shayi na Gidan Igwai, kowa giyar bayan keken yake yabo, ƙarfen nan mai sauya wa sarƙa wuri.

Mai gyara ya nuna mini gajere da dogo. Na ce, "Wanda yaf fi na Bello tsawo nika so," ya ɗaura wa nawa keken.

Ranar Juma'a na sha babbar riga, na biyo ta gabansu ina ta sauya giya ba dalili. Dogon ƙarfen ya cafke gefen rigar, ya kifar da ni a ƙafar Bello.

Har yau in na wuce sai ya ce, "Maƙwabci, keken ya ci riga, ko azumi shikai?"