Wandon da Na Ɗinka da Awon Habsu

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da Salisu ya kira ni ba. Ina bakin rumbu ina gyaran jinka, salula ta yi ƙara a aljihu. Salisu ƙanen matata ne, marigayiya Habsu, kuma tun yana yaro ba ya yi mini magana sai da tsokana. Ranar kuwa muryarsa a kwance take.

"Yaya, mai ɗakina ta sauka lafiya. Mace aka samu. Sunan Yaya Habsu za mu mayar."

Na ce Allah Ya raya. Sannan ya ƙara da cewa, "Inna ta ce ka zo da Balki ranar suna. Ta ce a haɗo mata kayanta."

Wannan ta biyun ita ce maganar. Balki autarmu ce, shekararta goma, tana lakwal, wato makarantar boko, a nan garinmu kusa da Guci. Yayyenta duk sun kama gabansu. Tun bayan sadakar arba'in ɗin Habsu, surukata Inna take aiko saƙo daga Dungas cewa namiji shi kaɗai ba ya riƙon 'ya mace, a kai mata jikarta. Ni kuma in ce sai an yi hutu, in an yi hutu in ce sai an gama girbi. Yanzu gero ya shiga rumbu, dalilaina sun ƙare. Ba na iya musu da surukata. Ban kuma san wanda zan riƙa tambaya ko ya ci abinci ba in Balki ta tafi.

Sai na yi shawara da kaina (wanda shi ne mutum na ƙarshe da ya kamata in tambaya). Na ce idan Inna ta gan mu tsaf, ba datti ba yagewa, wataƙila ta yarda gidan bai watse ba, ta bar mini yarinyar. Ta wajen Balki babu damuwa: kayanta na Salla suna nan, matar ƙanena kuma ta yi mata kitso. Ni ne damuwar. Ina da kaftani shuɗi mai kyau, amma wandonsa ya mutu a mazauni. Kabu-kabu da tabarmar masallaci sun gama da shi.

Tun da muka yi aure tela bai taɓa ɗora mini metir ba. Habsu ce ke ɗinka mini komai a keken hannunta, a tsakar ɗaki. Takan sayi yadi da rara, wai riga ɗaya tana ganin bayan wando biyu. Na buɗe akwatinta, ga ragowar shuɗin a ninke. Ranar kasuwar Guci na kai shi har bakin rumfar tela. Da ya miƙo hannu zai karɓa, sai na ji ba zan iya sakin yadin ba. Na ce masa gaisuwa ce kawai ta kawo ni.

A hanyar dawowa na ce da kaina, wai me ke cikin wando? Ƙafa biyu ne da ƙubaka, inda ake zura mazagi. Shekaru na yi ina zaune gefen Habsu ina shan fura ina kallo, wani lokaci har shawara nake ba ta. Ba ta aiki da metir, da hannu take awo. Ta ware babban yatsa da na tsakiya, ɗani ke nan, ta riƙa tafiya da su kan yadi tana faɗa ƙasa-ƙasa. Tsawon wandona ɗani shida ne. Na san wannan kamar sunana, na san na faɗi, na san na hantsa. Har daɗi na ji da na ga ban manta ko ɗaya ba.

Na yaye zanen da ke kan keken, na zuba masa mai, na shimfiɗa yadi a tabarma, na auna shida cif. Balki na tsaye a kaina da kwanon wanke-wanke.

"Baba, kamar ya yi yawa."

"Haka uwarki take yi."

"Na Mama ba ya kai bakin ƙofa."

"In an ɗinke zai shige. Je ki yi aikinki."

Ba zan gajiyar da ku da labarin ɗinkin ba. Zare ya tsinke, ya cukurkuɗe a ƙasa, na ɗinke ƙafa ɗaya a rufe kamar bakin buhu na warware, na haɗa da gefen rigar jikina na sake warwarewa. Keken da ke yi wa Habsu waƙa, ni tari yake yi mini. Sai jajiberin suna da la'asar na kai ƙubaka, ina kaiwa ƙarshenta allurar da ta rage ta karye. Na ce alhamdu lillahi, aiki ya riga ya ƙare.

Na shiga ɗaki na gwada. Da na ɗaura a ƙugu, hantsar ta sauko gwiwa, ƙafafun suka wuce gaba suka bar ni a baya. Faɗinsa kuwa zai ɗauke ni da buhun wake, mu zauna ba mai takura wani. Na daɗe a tsaye ina tunani. Lissafi dai na Habsu ne, ba ta kuskure. Abin da na yanke a raina shi ne, tun rasuwarta na rame, har tsawon ma ya ragu.

Babu allura, babu sauran yadi, babu lokaci. Sai dabara ta zo mini. Na ja wandon sama har hammata, hantsa ta zauna inda ya kamata, na naɗe bakin ƙafafun ta ciki. Kaftani ya rufe komai. Abu ɗaya ne: mazagin tsohon wandon na zare na sa, shi kuwa don ƙugu aka yi shi, ba don ƙirji ba. Da ƙyar bakinsa biyu suka haɗu, na yi ɗan ƙulli kamar ƙwayar gero. Muddin ban ja dogon numfashi ba, lafiya lau.

Haka muka hau kabu-kabu da sassafe, Balki a tsakiya da ƙullin kayanta a cinya. Duk ramin da muka faɗa sai na yi salati a zuci. Muka tarar da maza sun cika ƙofar gida, ana rabon goro da dabino. Liman ya yi addu'a, aka faɗi suna, Hafsatu. Kowa ya ɗaga murya da amin, tawa ce kaɗai ba ta fita ba. Wani dattijo da ke gefena ya dafa kafaɗata ya ce, "Sai haƙuri, ɗana." Na gyaɗa kai. Rabin abin da ya zata gaskiya ne, sauran rabin mazagi ne.

Sai aka ce in shiga in gaida Inna. Tana zaune bakin ɗakinta kan tabarma, mata sun kewaye ta, Balki ta riga ta lafe a jikinta. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na durƙusa, na sunkuyar da kai.

"Ina kwana, Inna."

Ba ta ji ba. Wata daga cikin matan ta ce, "Ɗaga murya, kunnen ya yi nauyi."

Na manta da komai, na cika ƙirji da iska na ce, "Ina kwana, Inna." A nan na ji ɗan ƙullin ya saki. Ba ƙara, ba komai, sai wani sanyi da ya ratsa mini hammata, wandon ya zame ya taru a cinyata. Durƙuson ne kaɗai ke riƙe da shi.

Kowa ya san gaisuwar suruki ba ta da tsawo. Ka gaida, a amsa maka da kai a kauce, ka tashi ka ba mutane wuri. Ni kuwa tashi ya haramta gare ni. Sa hannu cikin riga a gaban surukata ma ba abin yi ba ne. Abin da ya rage mini a duniya shi ne gaisuwa, sai na riƙe ta.

"Ina gajiya? Barka da arziki. Ya mai jego? Ya ƙafar taki?"

"Da sauƙi."

"Ya amfanin gona? Wake ya yi?"

"Ya yi, alhamdu lillahi."

"Gyaɗa fa?"

"Ba mu shuka ba bana."

"To madalla. Ya awaki?"

Matan suka fara kallon juna. Na ji wata tana raɗa cewa yau surukin Inna da hira ya zo. Na gaida awaki, na gaida kaji, na tambayi rijiyar unguwa ko tana da ruwa. Gumi na bin bayana. Da dabbobi suka ƙare na koma kan dangi.

"Ina labarin Goggo ta Dogo-Dogo? Tana lafiya?"

Inna ta juyo ta dube ni, abin da ba ta taɓa yi ba. "Wadda ta rasu bara? Ai tare da kai aka je gaisuwa."

"Allah Ya jiƙanta," na ce. "Ya haƙuri?"

Ana haka Salisu ya shigo, tsokanarsa ta dawo masa. "Yaya, tarewa ka yi a nan? Liman na jiranka ku yi sallama. Ko wata kake dubawa cikin matan, in shige maka gaba?" Kafin in buɗe baki ya kama hannuna biyu ya ɗaga ni tsaye.

Wandon ya sauka a hankali, da natsuwa, yadda ake sauke tuta a lakwal. Ya taru a ƙafafuna, ya rufe su, ya bazu har gefen tabarmar Inna. Kaftani ya rufa mini asiri zuwa ƙwauri, wannan kam na gode wa Habsu. Amma ga ni tsaye a tsakiyar shuɗin yadi kamar wanda ya faɗa tafki, ba gaba ba baya. Salisu ya duba ƙasa, ya duba ni.

"Haba Yaya. Da ka gaya mini kana da wannan, ai da ban yi hayar rumfa ba."

Ban san yadda na isa ɗakin Salisu ba. Na san dai dariyar mata ta raka ni, wandon kuma bai biyo ni ba. Ya ba ni aron nasa, na zauna bakin gado. Kunyar ba ita ta fi damuna ba. Na zo in nuna gida bai watse ba, na nuna wa mata cike da tsakar gida cewa ko wandona ban iya riƙewa ba. Na fara shirya yadda zan yi sallama da Balki ba tare da ta ga fuskata ba.

Bayan azahar aka ce Inna na kira. Matan sun watse, daga ita sai Balki, wandon na kan cinyarta. Na durƙusa daga bakin ƙofa. Ba ta yi mini magana kai tsaye ba, ta bi ta kan yarinyar.

"Tambayi ubanki, wane tela ne ya yi masa wannan aika-aika."

"Shi ya ɗinka, Kaka. A keken Mama."

"Da awon wa?"

"Ya ce na Mama ne. Ɗani shida."

Inna ta ware yatsunta ta bi tsawon wandon tana ƙirgawa. Ta kai shida, ga yadi nan a gaba bai san an yi ba. Ta ce, "Ce masa ya buɗe hannunsa." Na buɗe. Hannun noma ne, kamar faifai. Ta ɗaga nata daga inda take, ɗan ƙarami, siriri. Sai a lokacin na gane. Lissafin Habsu na ɗauka, na auna da hannuna.

"Hannun yarinyar nan irin nawa ne," in ji Inna. Habsu ce 'yarta ta fari, ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ni na koya mata."

Sai ta rufe baki da mayafi ta fara dariya. Ta daɗe tana yi, kafaɗunta na rawa, ta goge ido, ta sake gogewa. Ban ɗaga kai na duba ko wane irin hawaye ba ne. Da ta lafa ta juya ga Balki.

"Ke kina ina ya yanka?"

"Na gaya masa ya yi yawa. Ya ce in an ɗinke zai shige."

"To ɗauki ƙullin kayanki ki koma da shi. Ni ina da Salisu da matarsa, ga kuma mai sunan uwarki ta zo. Wannan in aka bar shi shi kaɗai, wata rana da labulen ɗaki zai fita masallaci. In ya ƙi jin maganarki, ki aiko mini. Amma hutu nawa ne, ki zo in koya miki keken."

Na ce na gode, muryata ba ta fita sosai ba, ga shi kuwa babu mazagin da zan ɗora wa laifi.

Ta sa aka kawo mata guntun sabulu, ta shimfiɗa wandon, ta auna da hannunta tana ja masa layi inda za a rage. Ta ce abin da zai fita ya isa a yi wa Balki siket.

Abin da na koya ba shi da yawa. Zama kusa da mai aiki kana shan fura ba koyon aiki ba ne. Kuma in za ka ari lissafin mutum, ka duba hannunsa tukuna, don wani awon da mai shi yake tafiya. Salisu kuwa har yau in ya kira ni, sai ya tambaya ko rumfar tana nan, akwai biki a unguwarsu.

Na sayo allura a kasuwar da ta biyo baya. Wandon yana kan keken, da layukan sabulun Inna a jikinsa. Har yanzu ban yanka ba.