Alwalar Liman Nomau

A ƙauyenmu akwai gidan Liman Nomau, shi da ɗansa Shekarau, magidanci da gemunsa, wanda in ka ce ya riƙe bakinsa sai ya sa hannu ya riƙe. Cikin Liman ya daɗe yana ba shi wahala: yau kumburi, gobe gudawa, ga iska tana karya masa alwala tsakiyar salla. Har dattawa sun fara raɗe-raɗin a naɗa wani. Ni dai tausayinsa nake ji, shekara talatin yana jan sahun nan.

Wata rana suka je asibitin birni. Likita ta ce babu ƙwayar cuta, hanjin ne bai son takura. Ta ce tana son ganin ko abin da ke jikin kuka da ƙaro da kuɓewa zai lallashe shi. "Ka fara masa da kuka, safe da yamma," ta ce wa Shekarau. Da safe Shekarau ya zauna a ƙofar ɗakin uban ya ɓarke da kuka. Kafin hantsi gida ya cika da masu gaisuwar mutuwa, sai ga Liman ya fito da buta.

Wata rana Liman yana cin wake da manja, ya tuna jiƙon ƙaron da likita ta ambata. Ya ce, "Shekarau, ƙaro fa?" Shekarau ya ɗauki kwano ya ƙaro wake. Liman kuwa ba ya mayar da abinci. Ranar sau uku ya sake alwalar la'asar, mamu suna tsaye.

Wata rana suka koma, likita ta ce, "Duk abin da zai ci, ya ci da yauƙi." Miya take nufi. Shekarau ya dawo ya ƙwace cokali, shi ke ba uban a baki. Liman, da ya saba yin loma biyar a tsaye ya ruga masallaci, yanzu sai ya tauna, ya haɗiye, ya jira ɗansa ya gama jan jiki.

"Kai, ladan ya kira."

"Baba, da yauƙi aka ce."

Bayan sati uku cikin ya lafa. Likita ta yi ta juya maganar, tana tambayar wace miya aka ba shi, don ta san wadda ta yi aikin.

Shekarau ya ce, "Au, har da miya?"

Ranar Juma'a Liman ya hau huɗuba, ya sauko ya ja salla ya sallame, duka da alwala ɗaya, wadda ya yi tun a gida.