A Sauke Fuskata Daga Allon Tallanku

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Man Shafawa na Sumul-Ƙalau,
Mai share tabon fuska cikin kwana bakwai.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan fatar Yallaɓai tana nan lafiya. Na san ma lafiya take, tunda ba ka shafa abin da kake sayarwa.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Ni ce kuma matar da ke gefen hagu a allon tallanku na bakin tashar mota, wadda aka rubuta KAFIN a ƙarƙashin haɓarta. Ga 'yan koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Wadda ke gefen dama, mai BAYAN, ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya. Rakiya ta yi mini zuwa shagonku, ma'aikaciyarku ta ɗauke mu hoto, wai na fayil ne. Ko ƙurji ɗaya bai taɓa fito mata ba, kuma ba ta taɓa buɗe kwalbarku ba. Ina taya ku murna, kun warkar da mai lafiya.

Na biyu. Takardar cikin kwalinku ta ce ƙazanta ce ke kawo tabo. Na gode da wannan shaida. Likitar fata kuwa, wadda ba ta kai ku ilimi ba, cewa ta yi ƙurajen da suka kumbura can ciki ne suka cinye naman wurin, ni kuma na taya su da farce a gaban madubi lokacin ƙuruciya, rana ta zo ta baƙanta sauran. Ta ce mai ba ya cike rami, aikin asibiti ma ragewa kawai yake yi. Wa zan yarda da shi, ita ko kwali?

Na uku. Wata uku ina shafawa safe da yamma. Fuskata ta yi ja, ta saɓule, ta yi fari fat, wuyana kuma ya tsaya a kan launinsa na gado. Ramukan suna nan daram, sun ma fi fitowa, tunda an haska musu fili.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Ɗalibaina suna kirana Malama Kafin, wannan na haɗiye. Amma akwai wata a layin gaba, mai ƙoƙari, mai ƙuraje irin nawa na da. Makon jiya ta shigo aji kumatunta a ƙone, tana rufe su da littafi. Ta gan ni a allonku, ta ɗauka abin da malamarta ta tsaya a kansa ba zai zama ƙarya ba. Yau kwana huɗu kujerarta ba kowa. Ban taɓa jin kunya da takaici irin wannan ba. Da fuskata kuka cuci yarinyar mutane, Yallaɓai, kuma ba ku nemi ko aronta ba.

Don haka nake roƙo, gwiwa biyu a ƙasa, a sauke allon nan kafin Litinin. In hidima ta yi wa Yallaɓai yawa, ba komai. Ni da ƙanwata za mu riƙa tsayawa a ƙarƙashinsa kullum in an tashi daga makaranta, ni a hagu, ita a dama, sai ku zo ku yi wa jama'a bayanin yadda mace ɗaya ta zo a jiki biyu.

Allah ya ja zamanin Yallaɓai, ya kare shi daga kayan kamfaninsa.

Taka mai biyayya,
Malama Kafin