Hancin Bunkure

Allah ya yi wa ƙasar Bunkure gata da ya ba ta Alhaji Hambali. Sauran manoman rani tumatir kawai suka sani, shi kuwa duniya ya sani, don rediyonsa ba ya barin kafaɗarsa ko a bakin kwatar ban ruwa. Shekarar da aka yi ta ba da labarin iskar guba a yaƙin Iran da Iraƙi, shi kaɗai ya hango cewa daga can Bunkure za ta yo. Ganin zaɓen shugaban manoman rani ya matso, kuma kujerar ta tsaya masa a rai, sai ya shiga Kano ya sayo wata na'ura mai sunsuno guba a wajen masu gwanjo. Tun daga ranar ake ce masa Hancin Bunkure, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ranar zaɓe, wadda ta dace da cin kasuwa, ya ɓullo cikin wata babbar riga da ya zaro daga igiyar shanya, ya hau kan kwandon wani.

"Jama'a, ku ba ku san kimiyya ba," in ji shi. "Akwai wani ɗan ruwa a cikin nan, irin na batir. Da guba ta shafe shi sai lantarki ya motsa, ta yi kuka. Wanda bai zaɓe ni ba, ya shaƙa shi kaɗai!"

Ya danna maɓalli. Na'ura ta tsala ihu.

Wallahi shi ma bai zata ba. Amma ya daure ya yi kururuwa, "Guba ta iso!" Kasuwa ta watse. Aka tattake tumatir, dillalai suka faɗa kwata da rigunansu. Alhaji ya yi gabas, na'ura na kuka. Ya yi yamma, tana kuka. Da ya yar da ita ya ruga sai ta yi tsit, da ya dawo ɗauka ta sake ɓarkewa. Mutanen da ke cikin ruwa suka fara kallon juna.

Ana haka sai ga matarsa Saude da mayafi a karkace, tana haki.

"Alhaji! Tuɓe rigar nan! Ita ce na jiƙa da maganin feshin tumatir saboda kwarkwatarka, ban ɗauraye ba!"

Muryar Saude kuwa ba ta buƙatar lasifika. Alhaji ya so ya yi bayanin cewa wannan ma nasarar kimiyya ce, amma dariya ta hana kowa ji.

Da yamma aka yi zaɓe, jama'a a jiƙe. Datti, abokin takararsa, ya kwashe hannuwa. Da aka ce masu son Alhaji Hambali su ɗaga nasu, hannu ɗaya ne ya tashi, nasa. Shi ma bai kai sama ba ya karkata ya shiga susar hammata.