Rasuwar Flaca, Fifet Ɗinmu Tilo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da babban yatsa da ya rasa abin dannawa, ni Nélida Tapullima ta ɗakin gwajin jini a garin Yurimaguas nake sanar da rasuwar Flaca, fifet ɗinmu tilo, wato bututun da muke auna ɗigon jini da shi. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, ana tsakiyar damina da zazzaɓin dengue.

Marigayiya ta zo mana a jakar wani Bajamushe mai bincike, ya koma ƙasarsu ya bar mana ita. Siririya ce, ma'anar sunanta ke nan, kuma marar surutu. Iyakar maganarta ƙas in ta zuƙa, ƙas in ta sauke. Ba ta taɓa fifita jinin shugaban gari a kan na masunci ba.

Ciwon ajalin da yoyo ya soma. Na roƙi shugabanmu, Dakta Saavedra, a aika ta Lima, babban birnin ƙasa, a duba ta.

"Ke ma ai gwiwarki na ciwo, Nélida," in ji shi. "Kin daina zuwa aiki ne?"

Sai muka ɗaure ta da salatif, ta ci gaba da aiki cikin haƙuri. Ranar Talata na danna, madannin ya shige bai dawo ba. Jinin da ke gabana na 'yar Doña Herminia mai sayar da kifi ne, uwar tana kan benci tun safe. Na fita na ce mata sai an kai jinin garin Tarapoto a mota a auna.

"To kafin ya dawo in yi yaya da yarinyar?"

"Ki yi ta ba ta ruwa, Doña."

Yarinyar dai ta farfaɗo. Sakamakon yana hanya har yau.

Marigayiya ta rasu ta bar kwalin 'yan bakunan roba, marayun da ba sa shiga bakin kowa sai nata, da tsohon firji mai nishi, da ni. Dakta ya zo ta'aziyya, ya juya gawar a hannunsa, ya ce shi bai ga alamar ciwo a jikinta ba.

Za a binne ta a aljihun tebur na ƙasa, kusa da ma'aunin zafi da ya riga ta. Sai dai an ɗage jana'izar zuwa Juma'a, domin manyan baƙi za su zo duba kayan aikinmu ranar Alhamis, Dakta kuma ya ba da umarni a goge gawar, a tsayar da ita a mazauninta, a juya salatif ɗin ya fuskanci bango.