Farfesa Ɗigo da Kujerar Likita

Unguwarmu ta yi sa'a. Wasu sai an ɗebi jininsu a asibiti kafin su san ƙarfinsu ya ragu, mu kuwa muna da Farfesa Ɗigo. Tsohon shugaban sashen fayil ne, bai taɓa riƙe allura ba. Wata rana ya ji a rediyo cewa rubutun tsoho kan nuna raunin jikinsa. Bai tsaya jin ƙarshen shirin ba, don babban masani ba ya buƙatar ƙarshen darasi. Washegari ya sayo gilashin ƙara girman rubutu.

Ka rubuta masa layi ɗaya, ya duba inda ɗigonka ya faɗa, ya gaya maka ko za ka ga baɗi. Tsofaffin layinmu suka daina riƙe biro a gabansa.

"Ƙafa tana yaudara," in ji shi, "amma alƙalami ba ya ƙarya."

Nasa rubutun kuwa sai ka ce na inji. Ba mamaki, tun safe har yamma yana zaune yana gyara shi, ruwan sha ma sai an miƙo masa. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Da marasa lafiya suka ƙare a waje, ilimi ya dawo gida. Matarsa tela ce, shekara da shekaru tana taka keke a shagonta. Ya ga awon wata riga da ta rubuta a tsaye, cikin sauri, ya yanke hukunci cewa ta gama aiki. Ya karɓe makullin shagon. Baiwar Allah ta yi kuka a kicin, don shagon nan ne rayuwarta. Sannan ya kai ta wurin likita, ba neman shawara ba, sai don likitan ya ƙaru.

Likita ya sha lacca har ya ƙoshi. Ya ce rubutu kan ba da alama, amma ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Ya sa ta zauna a kujera, ta rungume hannu a ƙirji, ta miƙe ba tare da ta dafa komai ba. Ta miƙe, ta zauna, ta sake miƙewa.

"Ba haka ake yi ba," in ji Farfesa. "Matsa in nuna miki yadda mai lafiya yake tashi."

Wanda ya ce zai haɗiye gatari, ai sai a riƙe masa ƙota. Ya zauna, ya rungume hannu, ya yunƙura. Gwiwoyi suka yi ƙara, jiki bai motsa ba. Ya sake yunƙurawa, hula ta faɗi. Ya sanar da likita cewa kujerar ba ta kai ma'auni ba.

Matar ta kama damtsensa ta ɗaga shi tsaye, ta karkaɗe hular ta ɗora masa, sannan ta miƙa tafin hannu.

"Maigida, ba ni makullin. In na zauna irin zamanka, wa zai ɗaga mu?"