Yallaɓai Ɗari-Cif

A cikin manyan mutanen da Allah ya albarkaci kamfaninmu na sayar da kujeru da gadaje da su, babu kamar mataimakin manaja, wanda duniya ta sani da Yallaɓai Ɗari-Cif. Wasu da ilimi suka yi suna, wasu da dukiya. Shi kuwa da abin da ya fi waɗannan wuyar samu: tun ranar da ya ɓare wayarsa daga kwali, cajinta bai taɓa sauka daga ɗari ba. Ko casa'in da tara ba ta taɓa gani ba, balle tamanin irin ta talakawa.

Irin wannan ɗaukaka ba a samunta a kwance. Yallaɓai ya sadaukar da rayuwarsa ga igiyar caja, iyakar tsawonta iyakar duniyarsa. An juya teburinsa yana kallon bango saboda soket, don haka baƙo in ya shigo ofis, ƙeyarsa yake fara gaisarwa. A gida matarsa ta daɗe da daina kai masa abinci tebur, a gefen firji take shimfiɗa masa, don can ne soket ɗin da ba ya wasa. Ranar da autarsa ta karɓi kyauta a makaranta ya halarta, kada wani ya yi masa ƙazafi. Yana tsugune a baranda kusa da na'urar sanyaya ruwa, yana tafi da hannu ɗaya a cinya. In zai fita kuwa, fawa-bank uku ne a ɗamararsa, wannan na shayar da wancan, wancan na shayar da waya.

Kowace safiya sai ya tara mu a jere.

"Ku ɗaga wayoyinku," in ji shi. "Mutum cajinsa ne. Nuna min kusurwar wayarka ta sama, in gaya maka tarbiyyar gidanku. Kai direba, talatin da ɗaya? Da safiyar Allah? To haka kake yi wa man mota ke nan. Ku dube ni. Ni ba na raguwa."

Da muka gaji da wa'azi, sai kowa ya ɗauki hoton fuskar wayarsa lokacin tana cike, kullum shi muke ɗaga masa. Yallaɓai ya yi ta yabon kansa a kan yadda ya gyara mu. Wata rana ma ya ga agogon da ke jikin hoton direba ya saɓa da nasa, ya tsaya ya gyara nasa.

Masu ƙera wayoyi dai suna da wani ra'ayi daban, amma su wa ya san su? A cewarsu waya ba ta da idon da take leƙa cikin batir kamar yadda ake leƙa randa. Akwai ɗan wani abu a cikinta da ke lissafin wutar da ta shiga da wadda ta fita, ya duba ƙarfin batir da zafinsa, sannan ya kintata lamba ya rubuta a sama. Batir kuma tsufa yake, cikinsa na ƙanƙancewa. Sai an bar shi ya sauka ya sake cika ɗan abin nan yake gane gaskiyar abin da ya rage, ya gyara lissafinsa. Wanda ba a taɓa bari ya ga ƙasa ba, tsohon labari yake ta maimaitawa. An taɓa faɗin haka a rediyon mota Yallaɓai na ciki. Ya sa aka kashe.

"Kintace? Wayar wani dai. Tawa ba ta kintace, sani take yi."

Da bayan wayar ya fara kumbura har murfin ya ɗaga, matarsa ta ce, "Baban yara, abin nan fa ciki ya yi."

"Ƙoshi ne," ya ce, yana shafa nasa tumbin. "Ba ki saba gani ba ne."

Ana nan sai manaja ya yi ritaya. Mai kamfani, wata dattijuwa da ba ta son dogon zance, ta ce mutum biyu za su tsaya gaban ma'aikata, kowa ya faɗi yadda zai tafiyar da wurin, ta zaɓi ɗaya. Na farko Yallaɓai. Ta biyu shugabar sashen ciniki, baiwar Allah da cajin wayarta ke rayuwa a kan tara cikin ɗari, saboda masu saye ba sa barinta ta huta. Yallaɓai bai taɓa son wani abu kamar kujerar nan ba. Ya riga ya leƙa ofishin manajan, soket huɗu ne a ciki, ɗaya ma a ƙarƙashin tebur. Har hawaye ya yi.

Ya zauna ya rubuta jawabi a waya, mai taken "Shugabanci Ɗari Bisa Ɗari". Sai wata dabara ta faɗo masa, irin wadda sai manya. Me zai hana a haɗa wayar da babban allon ɗakin taro, kowa ya ga lambar da idonsa, girmanta ya kai faranti?

Ranar ta zo. Shugabar ciniki ta yi nata bayanin da ka, ta zauna. Yallaɓai ya taso igiyoyi na reto, aka miƙa masa ta allo. Nan ya tuna wayar rami ɗaya gare ta. Ko caja, ko allo. Ya dubi mai kamfani, ya dubi abokiyar takararsa, ya zare cajar da ƙarfin hali irin na wanda zai ba da jini.

Lamba ta bayyana a allo: ɗari, ƙatuwa, fara tas.

"Ranki ya daɗe, jama'a, ga shaidata nan a sama. Kamar yadda wannan lamba ba ta motsi, haka ni…"

Ta motsa. Ɗan abin nan da ke ciki, da ya samu damar auna gaskiya karon farko, bai ɓata lokaci ba. Sittin da biyu.

"Gwaji ne," in ji Yallaɓai. "Ni na umarce ta, don ku ga tawali'u."

Ashirin. Allo ya yi gargaɗi da ja. Direba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Ke! Koma inda kike! A gaban mutane? Me na rage ki da shi?"

Huɗu. Ya shiga lalube a ɗamara, ya jawo igiya ya cusa, ashe fawa-bank ɗin ne ya haɗa da ɗan'uwansa. Allo ya yi baƙi ƙirin, jawabi ya tafi da takensa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi, ga gumi, ga igiyoyi sun nannaɗe masa hannu.

Mai kamfani ba ta yi dariya ba. "Ba komai," ta ce. "Ba waya zan ba kujera ba. Ajiye ta, ka faɗa mana da ka. Me za ka yi wa kamfanin nan?"

Yallaɓai ya gyara wuyan riga. Ya yi gyaran murya irin ta manya. Ya buɗe baki, muka kasa kunne.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Ni… wato… kamfani…"

Muka jira har fanka ta gaji da juyawa. Wayar ma ta fi shi daɗewa.